Tambayar da Ɗiyar Mai Itace Ta Yi Mini

Bismillahir Rahmanir Rahim.

Godiya ta tabbata ga Allah, Ubangijin da Ya shimfiɗa ƙasa Ya tsirar da abin da ke cikinta, tsira da aminci su tabbata ga Annabinmu Muhammadu da iyalan gidansa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, ya 'yan'uwana matasa, yau ba darasi na zo da shi ba. Wata tambaya ce aka yi mini a aji, na kasa amsa ta nan take, ta kuma bi ni har gida ta hana ni sakat na tsawon makonni. Na ga ya dace in shimfiɗa muku ita yadda ta zo, tare da abin da ta tono mini.

Ina karantarwa a wata makarantar Islamiyya a nan cikin birnin Zariya, ajin 'yan mata na bayan La'asar. Muna cikin Riyadus Salihin, mun iso babin da ke kwaɗaitar da mutum ya ci daga aikin hannunsa. A nan ne hadisin Zubairu bin Awwam (RA) yake, wanda ma'anarsa ke nuna cewa mutum ya ɗauki igiya ya tafi ya yo itace ya ɗauko a bayansa ya sayar, ya tsare mutuncinsa da shi, ya fi masa alheri a kan ya tsaya yana roƙon mutane, su ba shi ko su hana shi. Na yi bayani har na ji daɗin kaina. Na kawo musu kuma ƙissar mutumin nan Ba'ansare da ke cikin Sunan na Abu Dawuda, wanda ya zo roƙo, Manzon Allah (SAW) ya sayar masa da ɗan abin da ya mallaka a kan dirhami biyu, ya ce ya sayi abinci da ɗaya ya sayi gatari da ɗayan, ya sa masa ƙota da hannunsa mai albarka, ya tura shi yin itace. Na faɗa musu malamai sun yi magana a kan isnadin wannan ƙissa, amma hadisin igiya ingantacce ne, yana cikin Bukhari.

Sai wata yarinya da ke zama a layin baya, wadda ba ta cika magana ba, ta ɗaga hannu. Ba za ta wuce shekara goma sha huɗu ba. Ta ce, "Malam, ranar da baƙin nan suka zo dashen itatuwa, sun ce masu sayar da itace su ne ke jawo mana hamada da zafi. Kai ma ka yi jawabi ka ce ɓarna ce a bayan ƙasa. To ni Innata itace take sayarwa, da shi take ciyar da mu tun da Babanmu ya rasu. Ita a wanne take, a mai lada ko a mai ɓarna?"

Aji ya yi tsit. Na ce mata, "Allah Ya yi miki albarka, zan amsa miki mako mai zuwa." Wannan ita ce dabarar da mu malamai kan yi idan an ƙure mu.

Ranar da take magana a kai, ga yadda ta kasance. A ƙarshen damina, cikin watan Satumba, wata ƙungiya da ke samun tallafi daga ƙetare ta zo makarantarmu. Ba zan ambaci sunanta ba, domin ba na zaton mutanenta sun yi nufin sharri. Sun zo da dashe sittin a cikin baƙaƙen ledoji, da riguna masu rubutu, da wani ƙyalle mai faɗi da aka ɗaura a jikin katanga. Aka ce in yi jawabi a kan matsayin kare muhalli a Musulunci, na kuwa yi. Na ambaci hadisin da ke nuna duk Musulmin da ya dasa itace, mutum ko tsuntsu ko dabba suka ci daga gare shi, sadaka ce a gare shi. Na ambaci wanda ke umartar mai dashe a hannu ya dasa shi ko da Alƙiyama na shirin tsayawa. Aka yi kabbara, aka ɗauki hotuna, muka sa hannu a takarda, aka miƙo mini ambulan na kuɗin mota duk da cewa da ƙafa na zo. Na karɓa.

Babu wanda ya tambaya wa zai riƙa ba dashen ruwa, alhali ruwan sama ya kusa ɗaukewa, kuma mu a lungunmu jarka-jarka muke saye a wurin 'yan garuwa. Babu wanda ya yi maganar kariya, alhali awakin cikin birni ba su san dokar kowa ba. Kafin hunturu ya fita, saura uku. Kafin bazara ta ƙare, saura ɗaya. Na tabbata a wani rahoto da ke wani ofis a wata ƙasa mai sanyi, har yanzu itatuwa sittin na nan tsaye a makarantarmu, suna ba marayu inuwa.

Wannan ne laifina na farko. Na biyu ya fi shi nauyi. Tun bayan da aka cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, farashin komai ya tashi, har da gas ɗin girki. Albashin malamin Islamiyya kuwa kun san shi, ba sai na tona mana asiri ba. Tukunyar gas ɗin da na saya wa iyalina lokacin aurenmu ta koma bayan ƙofa, muka koma gawayi da itace. Kuma a wurin wa nake sayen itacen? A wurin mahaifiyar yarinyar nan. Wato na hau mumbari na kira sana'arta ɓarna, na sauko na aiki yaro ya sayo mini na ɗari biyar a wurinta, aka dafa mini tuwo da shi na ci na yi hamdala.

A shekarar 2022 Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta fitar da rahoton da ya ce 'yan Nijeriya miliyan 133, wato kashi 63 cikin ɗari, suna cikin talauci mai fuskoki da yawa, kuma mafi yawansu a Arewa suke. Ɗaya daga cikin ma'aunan da aka yi amfani da su shi ne abin da gida ke girki da shi. Hukumar Lafiya ta Duniya kuma ta ƙiyasta cewa hayaƙin girki a cikin gida na kashe kimanin mutum miliyan 3 a duniya kowace shekara. Saboda haka macen da ke durƙushe gaban murhu tana hura wuta idanunta na zubar da hawaye, ita ce farkon wadda itacen ke cutarwa, tun kafin a kai ga maganar hamada. Ba zaɓa ta yi ba. Kuma ba ita ce ke da manyan motocin da ke shigowa da buhunan gawayi jere-jere ta hanyar Kaduna da ta Birnin Gwari ba. Amma da aka tashi neman mai laifin da za a nuna wa yara, ita aka nuna, domin ita ce ake gani a bakin lungu.

Da na rasa amsa, sai na koma inda ɗalibi ke komawa, wato zauren malamina. Dattijo ne da ya haura tamanin, a gabansa na karanta Risala, kuma har yanzu ina jan Mukhtasar ɗin Shehu Halilu a wurinsa bayan sallar Asuba. Na kwashe labari na faɗa masa. Ya yi murmushi ya ce, "Kai da ka yi jami'a, ba ka kai babin raya mataccen fili ba ne?" Ya sa na buɗe. A nan na ga abin da na taɓa karantawa ban lura ba: malaman Malikiyya, da suke bayanin hurumin gari, wato filin da ba a yarda wani ya mallake shi shi kaɗai ba, sun lissafa wurin yin itace da wurin kiwo, gwargwadon nisan da mutum zai je ya dawo a yini. Ashe fiƙihu bai tsaya a cewa a ɗauki igiya a je a yo itace ba, ya tanadi inda za a yo shi, ya kuma hana mai ƙarfi ya cinye wurin. Malam ya ƙara tuna mini cewa Manzon Allah (SAW) ya keɓe Naƙi'u, Sayyidina Umar (RA) kuma ya keɓe Rabaza, filayen da aka tsare domin maslahar jama'a, har Umar ya yi wa mai gadin wurin wasiyya da ya fifita masu 'yan dabbobi kaɗan a kan attajiran sahabbai.

Sannan ya ce, "Ɗana, ina hurumin Zariya yake yanzu?"

Wannan tambaya ta buɗe bakin dattijo, ni kuma na gyara zama. Ya ce lokacin ƙuruciyarsa ganuwar birnin nan ba gidaje kaɗai ta kewaye ba. Akwai gonaki a cikinta, da fadamu, da kududdufai da aka haƙi ƙasar gini a cikinsu suka zama matattarar ruwan damina. Matafiyi kan gane ya iso Zariya tun daga nesa saboda rimaye da suka yi wa birnin rumfa, shi ya sa har yau muke da unguwanni irin su Rimin Tsiwa da Rimin Doko. Ya ce shara ba abin zubarwa ba ce a lokacin. Toka da kashin dabbobi da dattin gida taki ne, a tara shi, jakuna su kwashe a mangala su fita da shi ta Ƙofar Gayan ko Ƙofar Kuyambana zuwa gona, su dawo da kara da itace. Gari na ciyar da gona, gona na ciyar da gari. Yanzu kuwa an cike kududdufai an yi gini a kansu, ruwan da ya rasa masauki sai ya shiga ɗakunan mutane. Shara ta cika da leda, ba ta ruɓewa, sai dai ta toshe magudanai ta tafi rafin Kamaca. Ganuwar kanta an yanka ta an yi tubali. Rimin da ya tsufa a sare, babu mai dasa wani, domin kowa na ganin filin ya fi daraja idan aka yi shago.

Kada ku ɗauka begen zamanin da ne kawai irin na tsofaffi. Masana na boko ma sun shaida wannan. Michael Mortimore, wanda ya koyar da ilimin labarin ƙasa a Jami'ar Ahmadu Bello tun daga shekarun 1960, ya yi bincike a karkarar da ke kewaye da Kano, ya nuna cewa wurin da mutane suka fi cunkushewa ba shi ne wurin da itatuwa suka ƙare ba, domin manomi na tsare itacen gonarsa kamar yadda yake tsare akuyarsa. David Norman kuma, a Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru, ya bi manoman ƙauyukan Hanwa da Doka da Ɗan Mahawayi a shekarun 1960, a lokacin da ƙwararru ke ganin haɗa gero da dawa da wake a kunya ɗaya jahilci ne, ya tabbatar da cewa hikima ce ta rage asara da cin moriyar ƙasa. Hanwa ɗin ma yanzu gari ya haɗiye ta. Abin da ke ba ni takaici shi ne, sai da Bature ya rubuta muka yarda kakanninmu suna da hankali.

Game da tallafin ƙasashen waje, ba na cikin masu cewa duk makirci ne. Butulci haramun ne. Da taimakon waje aka yaƙi shan-inna har aka ayyana Nijeriya ta rabu da ƙwayar cutar ta asali a watan Agustan 2020, kuma duk wanda ya tashi a cikin birnin nan ya san yawan guragun da ke cikin tsararrakinmu. Babban aikin ruwan Zariya ma da hannun Bankin Raya Ƙasashen Musulmi da Bankin Raya Afirka a cikinsa. A 2005 ƙasashen Kulob ɗin Faris sun yafe wa Nijeriya bashin dala biliyan 18. An yi muradun ƙarni a 2000, aka maye gurbinsu da muradu 17 na ci gaba mai ɗorewa a 2015, kuma na farkonsu shi ne kawar da talauci. Tarayyar Afirka ta amince da shirin Babbar Ganuwar Itatuwa a 2007. A ƙarshen 2021 Bankin Duniya ya amince da dala miliyan 700 domin shirin ACReSAL na farfaɗo da ƙasa a jihohin Arewa 19 da Abuja. Sai dai ku lura, wannan na ƙarshen rance ne mai sauƙi, ba kyauta ba, ku da 'ya'yanku za ku biya, don haka kuna da haƙƙin tambayar inda kowace kwabo ta shiga.

Abin da ya faru a 2025 kuma ya isa izina. Sabuwar gwamnatin Amurka ta dakatar da tallafin waje a watan Janairu, a tsakiyar shekara aka rufe hukumar USAID da ta shafe sama da shekara sittin tana aiki. Mutum ɗaya ya sa hannu a takarda a Washinton, asibitoci da cibiyoyin ciyar da yara a wurare da dama na Afirka suka ji a jikinsu. Wanda ya dogara da tulun maƙwabci, ranar da aka yi faɗa da ƙishi zai kwana.

To wane irin taimako ne ke zama bayan mai shi ya tafi? Na taɓa ganin irinsa da idona, sai dai a lokacin ban fahimci abin da na gani ba. A 2022 na je ta'aziyya Maraɗi, mahaifin wani abokina ya rasu, wanda muka yi zaman zaure tare a nan Zariya shekaru da dama. Muka bi ta Katsina da Jibiya muka tsallaka ta Ɗan Isa. Ina zaton zan ga rairayi tsagwaro, domin ruwan da suke samu bai kai namu ba ko kusa. Sai na ga gonaki cike da itatuwa a warwatse, ba a jere ba kamar na gandun gwamnati: gawo, kalgo, sabara, aduwa, magarya. Na tambayi abokina wace hukuma ce ta dasa. Ya yi dariya ya ce, "Malam, ba dasawa aka yi ba, barinsu aka yi. Sassabin zamani ke nan."

Labarin sananne ne yanzu a duniya. Bayan farin shekarun 1970, an kashe kuɗi masu yawa wajen dashe a Nijar, mafi yawansa ya mutu, kamar dai namu na makaranta. Wani mutumin Ostireliya mai suna Tony Rinaudo, wanda ke aiki da mishan ta SIM a Maraɗi, shi ma ya yi ta dasawa suna mutuwa har ya kusa fid da rai. A 1983 ya lura cewa 'yan tsirran da ke fitowa a gonaki, waɗanda manoma ke sassabewa kowace shekara su ƙone, ba ciyayi ba ne. Tohon kututturan itatuwan da aka sare ne, saiwoyinsu na nan da rai a ƙarƙashin ƙasa, sun riga sun kai ga danshi. Abin da ake bukata kawai shi ne manomi ya zaɓi rassa kaɗan masu ƙarfi a kowane kututture, ya datse sauran, ya riƙa yi musu aski suna miƙewa. Ba gandun reno, ba leda, ba ban ruwa. Lokacin yunwar 1984 aka haɗa abin da rabon abinci, manoma da yawa suka yi don su samu hatsi, da rabon ya ƙare da yawansu suka sare itatuwan. Amma waɗanda suka bari sun ga bambanci: iska ta rage binne shuka, ganye ya zama taki da abincin dabbobi, gawo kuwa da ma an san shi, yana zubar da ganyensa da damina ya bar wa gero rana. Maƙwabci ya gani ya kwaikwaya. Masu bincike sun ƙiyasta cewa abin ya kai hekta miliyan 5 da itatuwa kimanin miliyan 200 a kudancin Nijar. A 2018 aka ba Rinaudo lambar yabo ta Right Livelihood, a shekara ɗaya da Yacouba Sawadogo, manomin Burkina Faso da ya farfaɗo da dabarar haƙa ramukan shuka a ƙeƙasasshiyar ƙasa.

Na san wani zai ce, ai ɗan mishan ne. Haka ne, kuma ban ɓoye ba. Mu da shi mun saɓa a aƙida, amma abin da ya gani a ƙarƙashin ƙasa gaskiya ne, kuma manoman da suka ɗauki abin suka yaɗa shi Musulmi ne 'yan'uwanmu, ba su bar sallarsu ba. Abin kunyar namu ne, mu da muke haddace hadisan dashe.

Akwai wani ɓangare na labarin da ba a cika faɗa ba, kuma a ganina shi ne ƙashin bayansa. A da, doka ta mayar da itatuwa mallakar hukuma, ko da a gonarka suke. Ma'aikacin gandun daji na iya cin ka tara don ka sari reshe. Saboda haka manomi ya ga itace a gona jan magana ne, gara ya kashe shi tun yana toho. Da aka sassauta wannan, manomi ya tabbata itacen da ya rena nasa ne, zai iya sara ya sayar, sai ya fara renonsa. Kuma abu na farko da matan ƙauyukan suka samu shi ne itacen girki a kusa da gida, daga rassan da ake datsewa kowace shekara, har wasu na sayar da rara. Gatarin da ya ƙarar da daji shi ne dai ya dawo da shi. Da na tuna wannan sai na ga inda jawabina na ranar dashe ya karkace.

Ban ce a kwaso Maraɗi a dire a Zazzau ba. Ƙasarmu ta masara ce, ana huɗa da shanu da tarakta, kuma masu huɗa ba sa son kututture. Gonaki da yawa na haya ne, mai haya kuwa ba ya renon itacen da ba zai ci moriyarsa ba, mai gonar ma ba zai yarda ba don kada a ce an kafa masa hujja. Wasu dazuzzukan kuma rashin tsaro ya hana shigarsu. Fiye da duka, bazawarar da ke cikin birni ba ta da ko taki ɗaya na gona.

Na je wurinta kafin ranar da na yi alkawari. Na yi sallama a bakin rumfarta, ta shimfiɗa mini buhu. Na ce, "Inna, na zo neman afuwa ne, na yi magana a gaban 'yarki ban auna ba." Ta ce, "Haba Malam, ai ku ne iyayenmu, ba komai." Da muka ɗan taɓa hira sai ta saki jiki. Ta ce lokacin da ta fara, mutanen ƙauye ke kawo mata a kan keke da amalanke daga nan kusa. Yanzu sai ta jira mota daga nesa, dillali ya ci, mai mota ya ci, masu faskare su ci, abin da ke rage mata bai taka kara ya karya ba. Ta ce, "Ni ba son hayaƙin nake yi ba, Malam, dubi idona. In kun hana ni wannan, ku ba ni abin da zan sayar." Na ba ta labarin murhunan nan masu rage cin itace, irin su Save80 da wata ƙungiyar Jamus ta taimaka aka shigo da su Arewa. Ta dube ni ta ce, "To in kowa ya sayi wannan, ni wa zai sayi itacena?" Ban yi tunanin wannan ba sam. Sai daga baya ta ce in da za ta samu jari, da ita za ta riƙa sayar da murhun, ana biyanta kaɗan-kaɗan kamar adashi, tunda ta san kowace mace a unguwar da abin da take iya biya.

Ranar Asabar na shiga aji na ce wa yarinyar, a gaban 'yan'uwanta, mahaifiyarta na cikin waɗanda hadisin igiya ya yaba, kuma ni ne na yi kuskure da na haɗa mai neman halal da mai cinye hurumin jama'a a kalma ɗaya. Na ce musu haƙƙin tanadar wurin da za a yo itace ba tare da an ƙarar da shi ba yana wuyan shugabanni da masu gonaki da masu hali da mu malamai, ba a wuyan bazawara ba. Ta sunkuyar da kai ba ta ce komai ba.

Daga nan na kai magana biyu gaban kwamitin masallacinmu. Ta farko, a ware wani kaso na zakkar da attajiran unguwa ke bayarwa a ba mutum biyu ko uku jari mai kauri, maimakon a yayyafa wa mutum ɗari abin da ba zai kai su Juma'a ba, domin malamai da dama sun yi bayanin a ba fakiri abin da zai wadatar da shi, mai sana'a a saya masa kayan sana'arsa. Ta biyu, a nemi mai hali ya yi waƙafin fili a bayan gari, a rena itatuwa a cikinsa, a riƙa datsa ana ba zawarawa a farashi mai sauƙi, kamar yadda Sayyidina Usman (RA) ya sayi rijiyar Ruma ya bar wa Musulmi. Maganar farko an ce za a duba kafin azumi. Ta biyu kuwa wani dattijo ya ce shi a saninsa waƙafi na masallaci ne da maƙabarta, bai taɓa jin waƙafin itacen girki ba. Wani kuma ya tambaya ko akwai ƙungiyar da za ta ɗauki nauyi. Aka tashi a kan haka.

Ɗayan dashen nan da ya tsira darbejiya ce, kuma dalilin tsirarta shi ne an dasa ta bisa kuskure kusa da inda ɗalibai ke alwala. Da muka gane haka sai muka ja 'yar kwata daga wurin alwalar, muka dasa mangwaro biyu da zogale a bakinta a farkon damina, muka kewaye su da fasassun bulo. Ba mu ɗauki hoto ba.

Sauran gwajin yana gonarmu ta gado da ke hanyar Saye, wadda ƙanin mahaifina ke nomawa. Na je na yi masa bayanin sassabin zamani tun daga farko har ƙarshe. Ya saurare ni yana sassaƙa ƙotar fartanya, ya ce, "Wato kai da ba ka taɓa yin kunya goma a jere ba, ka zo ka koya mini barin kututture a gona? In garma ta karye kai za ka biya?" Na ce, "Ni zan biya, Baba." Ya yi shiru, can ya nuna mini kusurwar gabas, inda ƙasar ta gaji har masara ba ta wuce ƙugu. Muka ƙirga kututture goma sha ɗaya masu toho, yawancinsu kalgo, da marke biyu da kaɗanya ɗaya. Na datse su da hannuna, na bar rassa uku-uku, na ɗaura musu tsumma ja don masu huɗa su gani. Rassan da na datse sun yi dami biyu, na ɗauro su a bayan babur na kai wa Inna, ta ce ɗanye ne, sai ya sha rana mako biyu kafin ya sayu.

Baba ya ba ni damina biyu. Ya ce in masarar kusurwar ta ragu ko da kwano ɗaya ne a kan ta bara, da kansa zai tumɓuke su, kuma in daina kawo masa karatun Nijar. Ta farko ce muke ciki yanzu, masara ta fara fitar da goyo.